Fitilun Jerin Sama

Inna Mai Waya,

"Kawo mini mutum mai numfashi. Takarda kowa na da ita." Haka Farfesa ya ce mini jiya, ya ɗora kofin shayinsa a kan babi na uku na kundina. Ki gafarce ni da na sa maganarsa gaba da gaisuwa, tun jiya take yi mini ƙaiƙayi a kunne.

Yanzu ga gaisuwar. Ina fatan kina lafiya. Ya gwiwa, ya ido? Mama ta ce har yanzu ke kike share ƙofar gidanki, kuma har yanzu ba ki yarda wani ya iya ba. Mu nan kowa lafiya, sai Baba da hawan jini ke ɗan taɓawa.

Ko da kin manta ni, ni ce jikar 'yar kawunki, wadda ta kwance miki bayan rediyo tana 'yar shekara shida don ta ga mutanen da ke ciki. Ke kika sa mini Uwar Tambaya. Sunan ya bi ni har jami'a, yanzu ma da shi nake neman digiri na uku a fannin tarihi.

Ga abin da ya kawo ni. A sashenmu malamai sun rabu biyu a kan 'yancin kai. Farfesa, wanda ke duba aikina, ya ce ba abin da ya canja, direba kawai aka sauya, motar tana nan, ramukan hanya suna nan. Dakta, wanda ofishinsa ke jikin nasa, ya ce juyi ne na gaske, ƙasa ta kife ta tashi sabuwa. Shekara tara ke nan ba sa gaisawa, sai dai su yi wa juna raddi a mujalla, alhali butar shayi ɗaya suke amfani da ita. Ni a ɓangaren Farfesa nake. Wani ɓangare don na yarda da shi, wani ɓangare don shi ke sa hannu.

Na tuna kin yi aikin haɗa waya tun kafin a sauke tutar Turawa har bayan an ɗaga tamu. Ina roƙonki ki rubuto mini abubuwan da ba su canja ba a wurin aikinku. Na so in kira ki, Mama ta ce in ma na kira "lafiya lau" kawai zan samu, sai ƙit.

Taki,
Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ido kuwa likita ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, za a kankare nan gaba. Ki ce wa babanki ya rage gishiri da gardama.

Ban manta ki ba. Rediyon ma bai manta ki ba, tun ranar bai ƙara magana ba.

Gaskiyar uwarki, ba na zance a waya. Shekara goma sha tara ina jin abin da mutane ke faɗa a cikinta. Ba gulma ba ce, aikin ne haka, dole ki saurara ki ji ko sun gama kafin ki zare igiya. Wanda ya ji abin da na ji ba zai zuba cikinsa a waya ba.

Ɗakin namu dogo ne, a bene na biyu na gidan waya. Mu goma sha biyu muke zama a jere kan dogayen kujeru, fuska ga allo, baya ga taga. Allon cike yake da ramuka jeri-jeri, kowane rami da 'yar fitilarsa. Mutum ya ɗaga waya a gidansa, fitilarsa ta kama, ki soka igiya ki ce, "Lamba nawa?" Ya faɗa, ki soka ɗaya bakin igiyar a ramin wanda yake nema. Shi ke nan aikin, sau ɗari huɗu a wuni.

Jerin sama na manya ne, gidajensu da ofisoshinsu. Ƙa'ida ita ce fitilar sama ba ta ƙifta sau uku. Kuma layin da ke zuwa babban birni guda ɗaya ne tak. Idan wani na jerin ƙasa yana kai, na sama ya nema, sai ki zare masa igiya ko da yana tsakiyar kalma. Na sha katse mutum a tsakanin "assalamu" da "alaikum."

Shugabarmu Baturiya ce, muna ce mata Madam Agogo, don da agogo a tafin hannu take zagaya bayanmu, da takalmin roba kuma, don kada a ji zuwanta.

Ranar 'yanci ina bakin aiki. Na ji ganguna, na ji bindiga, amma ban ga tuta ba, na gaya miki baya muke ba taga. Bayan wata biyu Madam ta tafi. Aka ɗora Yaya Doguwa, wadda muke cin abincin rana a kwano ɗaya da ita. Ta gaji agogon, ta gaji takalmin, sai da aka cusa masa takarda don ya yi mata yawa. Sunayen jerin sama kuwa ni da hannuna na yanka sababbin 'yan takardu na liƙa a kan tsofaffin. Ƙa'idar fitila ba ta motsa ba sai bayan shekara goma sha ɗaya, da aka kawo injin da ya kore mu gaba ɗaya.

Abin da kika tambaya ke nan. In akwai saura, ki tambaya.

Innarki

*

Inna Mai Waya,

Ina gaishe ki da kyau. Allah ya sa a yi aikin idon a sa'a. Baba ya ce gishiri zai rage.

Inna, kin biya ni. Na karanta wa Farfesa wasiƙarki a tsaye. Da na zo kan takalmin da aka cusa wa takarda sai ya miƙe, mutumin da ko girgizar ƙasa aka yi sai ya gama shayinsa. Ya ce wannan ɗakin naku shi ne ƙasar gaba ɗaya. Ya ɗaga murya yadda Dakta zai ji ta bango. Har ya ce zai sa babin a littafin da yake haɗawa, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba.

Cikin kwana goma sha biyu na rubuta babi na huɗu, duk a kanki. Na sa miki shafukan da suka shafe ki a cikin ambulan ɗin nan. Ki duba shafi na uku, akwai wurin da nake ji da shi: "Ga mace irin wannan, ranar 'yanci rana ce kamar kowace. Ta shiga aiki baiwar allo, ta fito baiwar allo. 'Yanci ya wuce ta bayanta yadda faretin ya wuce, ba ta ko waiwaya ba." Na san yabon kai jahilci ne, amma digiri biyu gare ni, an yafe mini.

Saura abu ɗaya. Dokar jami'a ita ce ba a sa maganar mutum mai rai a kundi sai da yardarsa a rubuce. Ga takardar nan, ki sa hannu a layin ƙasa ki maido mini. Kwamiti zai rufe karɓa ranar Litinin ta ƙarshen watan gobe, kuma sau ɗaya yake zama a shekara. In babu sa hannunki babu babin, in babu babin sai baɗi. Amma muna da mako bakwai, ba gaggawa.

Na gode, Inna, har ban san yadda zan faɗa ba tare da na yi kama da katin gaisuwa ba.

Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Ina gaisuwa. An yi ido ɗaya. An karanta mini takardunki. Ba zan sa hannu a kan wannan ba.

Innarki

*

Inna,

Barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ɗayan ma a yi lafiya.

Layi huɗu kika rubuto, na karanta su ya fi sau arba'in. An koya mini karanta wasiƙun matattun gwamnoni in gano abin da suka ɓoye, don haka na zauna na yi wa taki irin wannan aikin. Ina jin na gano. Kun yi rantsuwar riƙe sirri lokacin da aka ɗauke ku aiki, ni kuma na rubuta ɓaro-ɓaro cewa kina sauraron maganar mutane. Laifina ne. Na cire wannan wurin. Na cire sunanki, na mai da ke "wata ma'aikaciya." Yaya Doguwa ma na rage mata tsawo, ta zama "wata shugaba," ko 'ya'yanta ba za su gane ta ba. Ma'aikatar da kika yi wa rantsuwa kuwa an rushe ta tun kafin a haife ni, wurin yanzu shagon sayar da katifa ne. Ba mai kama ki.

Ga sabuwar takardar yarda. Saura mako huɗu. Farfesa ya tambaye ni jiya, na ce masa gidan waya ne ke jan ƙafa. Ya ce, "Kin gani? Shi ma bai canja ba."

Taki,
Uwar Tambaya

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ya jiki?

Kwana goma sha shida ba amsa. Na tambayi Mama, ta ce ita ma ba ta ji daga gare ki ba, ta ƙara da cewa in na ɓata miki rai in nemi tabarma in zauna, don kin taɓa yin shekara uku ba ki yi wa kakata magana ba a kan aron tukunya.

Ban san me na yi ba, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta wannan jimla ba da wasa ba. Shekara ashirin ban neme ki ba, ranar da na neme ki kuma da buƙata na zo. Wannan kaɗai ya isa. Ki bar zancen takardar. Ki sa wani ya rubuto mini layi ɗaya in san idon ya buɗe.

Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ido biyu sun buɗe, alhamdu lillahi. Ashe bangon ɗakina shuɗi ne, ni ina zaton toka-toka. Ashe kuma na tsufa, ba wanda ya gaya mini. An hana ni karatu da rubutu har mako biyu bayan na biyun, shi ne shirun da kika ji. Layi huɗun nan ma da bandeji a fuska na lalubo su, shi ya sa ba su da yawa. Matar maƙwabcina, malamar makaranta, ita ta karanta mini takardunki na farko. Na ƙi ba ta amsa ta rubuta, don faɗan gida ba a ba maƙwabci alƙalami.

Zancen tukunya kuwa shekara biyu ne, kuma ta fasa ta.

Ke da karatunki! Wane sirri? Mutanen da na saurara duk suna ƙasa, sun je inda aka fi ni sanin abin da suka faɗa. Maido mini sunana. Maido wa Doguwa tsawonta, shi kaɗai ta mallaka. Ni ban ce a ɓoye ni ba. Abin da na ƙi shi ne a ce da ni baiwa, a gaban malamar makaranta, da muryarta mai daɗi, har ta dakata ta dube ni.

Abin da na rubuto miki duk gaskiya ne, amma abin da kika tambaya na amsa. Kin ce in faɗi abin da bai canja ba. Na ce in akwai saura ki tambaya. Ba ki tambaya ba, kika kwashi rabi kika ruga kamar kaza ta samu hanji.

To ga sauran.

Kamar shekara ɗaya bayan tafiyar Madam, wata Talata da hantsi, wata mata ta zo rumfar waya ta bakin kasuwa. Kwana uku tana zuwa tana jiran layin babban birni, don ta yi magana da ɗanta da ya tafi koyon aikin jirgin ƙasa. Aka ba ta minti uku. Ta ci ɗaya, sai fitilar sama ta kama, ofishin Minista. Sakatarensa ya ce a ba shi babban birni yanzu.

Kada ki zaci haihuwa ce ko gobara. Da irin wannan ne, ko Madam takan kau da kai. Ina jin su. Tambayarsa take ko takalmin da ta aika ya yi masa daidai, shi kuma yana ta "eh, Inna, eh, Inna," yana jin kunya don akwai mutane kusa da shi. Maganar banza ce. Amma kwana uku ta jira, kuma lokacinta ne.

Na ce wa sakataren, "Akwai mai magana a kai. Ku jira minti biyu."

Ya ce, "Kin san ko wane ofis ne wannan?"

Na ce, "Ni na liƙa sunan."

'Yan matan ɗakin suka bar fitilu suna ta ƙiftawa. Doguwa tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta a wuyana. Hannunta ya zo har kan igiyar. Ba ta zare ba. Ta tsaya tana duban agogon har minti biyun suka cika, kamar aikin da aka sa ta ke nan. Da matar ta ajiye, na haɗa Minista. Kafin azahar an dakatar da ni mako biyu, kuma Doguwa ce ta sa hannu, tana kuka tana sawa.

A gida na zauna ina huci. Kwana na uku sai na ce, to, ba an ce ƙasar tamu ce ba? Na sayi takarda na rubuta ƙara zuwa ga hukumar ma'aikata. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya ce, "Ke, wa ya taɓa yi?" Na ce ban sani ba. Bayan wata biyu aka kira ni. Maza uku a bayan tebur, ɗaya na barci. Aka nuna mini kujera. Na tsaya ina dubanta, don shekara tara ina shiga ofisoshin ginin nan ban taɓa zama a ko ɗaya ba. Na zauna. Na yi magana minti ashirin ba wanda ya zare mini igiya. Suka gode mini, suka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, dakatarwa ta zauna.

Na faɗi ƙarar, Uwar Tambaya. Kada ki gyara wannan. Kuma ban sake cewa jerin sama su jira ba, ina da 'ya'ya. Amma a zamanin Madam da a ranar za a kore ni, kuma ba korar ce abin ba. A zamanin Madam bakina ba zai ma iya haɗa kalmomin nan ba. Ban san akwai su ba. Wa ya sa mini su a baki? Ke ce mai digiri, ki gaya mini.

Ban ce Farfesanki ya yi ƙarya ba, ban ce maƙwabcinsa ya yi gaskiya ba. Ba su zauna a kujerar ba, ni na zauna. Ki sa duka biyun, fitilar da kujerar, ki cire baiwa, in sa hannu. Amma ba ta gidan waya ba. Ki kawo da ƙafarki ki karanta mini da bakinki, in ga fuskar da ta yi shekara ashirin tana ɓuya, tunda yanzu ina da idon ganinta.

Innarki

*

Inna,

Alhamdu lillahi da ido ya buɗe. Mama ta yi guɗa a waya har sai da na janye kunne. Kowa lafiya, Baba na gaishe ki.

Wasiƙarki ta zo ranar Litinin, saura mako ɗaya cif. Na karanta ta a tsaye a bakin ofishin sashe, na sake karantawa a zaune a kan matakala. Shekara huɗu ina koya wa 'yan aji ɗaya cewa kada su yi wa shaida tambayar da ta riga ta ɗauko amsarta a ka. Har jan biro nake sa musu. Na gode da ba ki da jan biro.

Ranar Talata na tafi ɗakin ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, inda na yi shekara uku ina shaƙar ƙura ban taɓa neman fayil ɗin ƙararrakin ƙananan ma'aikata ba, don ban zaci akwai shi ba. Akwai shi. Mai ajiyar ya ce ni ce ta farko da ta taɓa kwance igiyarsa. Na shekarun Turawa siriri ne, takarda shida, duk na manyan akawu. Na shekara biyun farko bayan 'yanci sai da ya ɗauko da hannu biyu. Masinja, mai shara, mai gadin asibiti, direban da aka mara. Kusan duka an rubuta musu "an ƙi" a kusurwa. Taki ce ta talatin da ɗaya. Rubutunki bai canja ba, kuma kin rubuta wa hukuma "ina jiran amsa" kin ja layi biyu a ƙarƙashi.

Kwana biyu na yi ina sake babin. Baiwa ta fita. Ta fi kowace jimla kyau a kundin, kuma ƙarya ce.

Yau Juma'a da safe na kai wa Farfesa. Ya karanta yana juya cokali a kofin da ba komai a ciki. Ya ce, "Duk an ƙi su. Wannan ai maganata ce."

Na ce, "Duk sun rubuta, Farfesa."

Ya nuna bango da haɓa. "Wannan kuma maganar wancan ce. Kin kawo mini shi har cikin ofis."

"Ba shi na kawo ba. Ka ce in kawo mutum mai numfashi. Ita ce ta ƙi tsayawa inda na ajiye ta."

"To me za ki ce wa kwamiti? Ya canja ko bai canja ba? Za su tambaya, kuma ba su da haƙurina."

Na ce zan gaya musu an dakatar da ke mako biyu, kuma an ba ki kujera.

Ya ce wannan ba amsa ba ce. Na ce na sani. Ya ce babin farko ya fi tsabta, kuma da sunan "wata ma'aikaciya" akwai hanyar da za a bi a wuce da shi ko ba sa hannu, an sha yi. Na ce mai maganar ta ce a'a, kuma ta taɓa sa Minista ya jira, ni ba zan iya da ita ba.

Ya daɗe yana kallon shafin da na kwafo ƙararki. Sannan ya ce wannan babin ba zai shiga littafinsa ba, don littafinsa ya san inda ya dosa. Na ji zafin abin, Inna, ba zan ɓoye miki ba, na riga na gaya wa mutane. Amma ya jawo takardar miƙa kundi ya sa hannu a nasa layin, ya turo mini.

"Litinin, ƙarfe goma, da sa hannunta. In kin makara, sai baɗi, kuma kada ki zo mini da kuka."

Wasiƙar nan zan ba direban motar rana, ni zan biyo motar farko gobe Asabar, don sai na karɓo kwafin ƙararki da aka buga mini hatimi, ina so ki gan ta da sabon idonki. Ki tanadi faɗanki, zan zauna in ji shi duka, ba zan katse ki ba. Na gode da kika ƙi. Mutane da yawa sun taimake ni a karatun nan, amma ba wanda ya yi mini irin wannan.

Har na kai bakin ƙofa ya kira ni. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wancan fayil ɗin, lambarsa nawa?" Na faɗa masa, ya rubuta a bayan hannunsa. Ya ce, "Kada ki gaya wa na kusa."

Na ce, "Ai bangon ba kauri, Farfesa."

Na ja masa ƙofar a hankali, na sauko, na nufi tasha neman tikiti.

Taki,
Uwar Tambaya